Damina huɗu ina kiwon tururuwa

Ruwan kirki na farko a shekarar 2022 ya sauka mana ne da la'asar, cikin watan Mayu, bayan kwana uku ana wani zafi mai gumi da ke hana barci. Gidanmu yana bakin gari ta wajen Wusasa a Zariya, inda ake hango Dutsen Kufena ta saman katanga. Da magariba aka ɗauke wuta, na kunna fitilar caji na ɗora a kan turmi a tsakar gida, na shimfiɗa wani farin yadi da ya rage mini a shago a ƙarƙashinta. Kafin a idar da isha'i shinge ya yi mata rumfa. Yara suka fito da kwanuka da ruwa suna kamu, ni kuwa na tsuguna ina tsintar abin da ba shinge ba. Wata biyu ke nan ina jiran wannan daren.

Ni tela ne, ban yi karatun ƙwari a ko'ina ba. Abin da ya ja ni wani bidiyo ne da na gani a waya, na wani Bature da ya ajiye gidan tururuwa a bayan gilashi, ana ganin uwar da ƙwanta da masu yi mata hidima. Na kalle shi ya fi sau goma. Sai abin ya tsaya mini a rai: mu da muke da tururuwa da cinnaka da kiyashi da gwano da kwarkwasa da shazumamu, kowace da sunanta tun iyaye da kakanni, ban taɓa ganin uwar ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali shekara talatin da wani abu ina wuce su a hanya.

Abin da na fara koya shi ne raba shinge da tururuwa mai fiffike. Shinge ɗan gara ne, gara kuwa ba dangin tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso. Fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, ba shi da ƙugu, ƙahonninsa a miƙe suke. Ita tururuwa ƙugunta a tsuke yake kamar an ɗaure da zare, ƙahonninta a karye kamar gwiwar hannu, fukafukan gaba kuma sun fi na baya tsawo. A cikin masu fiffiken akwai maza da mata. Namijin ɗan siriri ne, ƙaramin kai, manyan idanu, bayan barbara ba ya daɗewa yake mutuwa. Macen ce abin nema, mai faɗin ƙirji, mai nauyin tafiya.

Inna ta fito da buta ta gan ni a tsugune. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, wannan yaro, me za ka yi da su? Ba ka ji an ce in tururuwa ta so lalacewa sai ta yi fiffike ba? Gobe tsintsiya ce za ta kwashe su."

Na ce, "Inna, mazan ne ke mutuwa. Matan gida za su je su kafa."

Ta ce, "To, Allah ya nuna mana."

Daga baya na gane karin maganar bai yi ƙarya da yawa ba. Cikin ɗaruruwan da ke tashi a dare ɗaya, kwaɗi da ƙadangaru da tsuntsaye da sauran tururuwa ne ke cinye kusan duka. Amma 'yan kaɗan da suka tsira su ne tushen kowane gidan tururuwa da ke ƙasa, kuma fiffiken nan sau ɗaya suke amfani da shi a rayuwa.

A daren na kama mata tara. Shida da fukafukansu, uku sun riga sun karye nasu. Ban san bambancin yana da muhimmanci ba sai da makonni suka wuce: cikin masu fiffiken babu wadda ta ba ni ma'aikaciya ko ɗaya, wato 'yar da ke yi wa gida hidima. Mace in ta sadu da namiji a sama, sai ta sauka ta sa ƙafa ta ɓalle fukafukanta, ta shiga neman wurin haƙa. Abin da ta karɓa a wannan tashi ɗaya shi za ta adana a jikinta ta yi ta amfani da shi har ƙarshen ranta. Wadda ba ta sadu ba tana iya yin ƙwai, amma maza kaɗai za su fito. Saboda haka yanzu ba na dogara da fitila. Washegarin ruwa, bayan sallar asuba, nake bin gindin katanga da bakin kwata da gefen hanya, ina duban wadda ke sauri ita kaɗai, ba fiffike, da ɗan tabo a gefen ƙirji inda suka ɓalle.

Ɗakinta na farko kwalbar gwaji ce. Na sayi sababbi a shagon masu kayan asibiti, irin dogayen nan na gilashi. Ana zuba ruwa mai tsabta kamar kashi ɗaya cikin uku, a cusa auduga a tura ta da sanda har ta taɓa ruwan ta jiƙe, amma kada ruwan ya ƙetaro. Sai a sa uwar a gaban audugar, a toshe bakin da busasshiyar auduga don iska ta riƙa shiga. Na naɗe kowace kwalba da takarda, na jera su a kwance cikin kwalin takalmi, na tura ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda cewa ba za a ba ta abinci ba. Irin wannan uwa, ta shazumamu da ta tururuwar hatsi, rufe kanta take yi a rami ba ta fita. Tsokar da ta tashi da ita, wadda ta cika mata ƙirji, ita ce ke narkewa ta zama abincinta da na 'ya'yanta na farko. Na biyu a wuya shi ne haƙurin rashin leƙawa. Ni kullum sai na buɗe, safe da yamma, har ɗaya daga cikin ukun ta firgita ta cinye ƙwanta. Tun daga nan na yanka wa kaina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sau ɗaya a mako, minti biyu, a inuwa.

A Juma'a ta bakwai na ga abin da ya sa har yau ban bar wannan harka ba. Ƙwan ya riga ya zama tsutsa, tsutsar ta saƙa wa kanta kwanso mai kama da ƙwayar shinkafa 'yar gida. Na ɗago kwalbar sai na tarar uwar ta kama kwanso ɗaya da muƙamuƙinta tana yagawa a hankali daga gefe, kamar yadda nake farke ɗinki in ba na son yadi ya ji ciwo. Daga ciki wata 'yar ma'aikaciya ta fito, fara sol, ƙafafunta a naɗe, ba ta iya tsayuwa. Uwar ta yi ta lasar ta tana miƙe mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Na wuce minti biyun da na yanka wa kaina nesa ba kusa ba. Na kai wa Inna kwalbar har ɗaki. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah. Mai da ita inda ka ɗauko, kada ka tsorata mai jego."

'Ya'yan fari ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin waɗanda ake gani a waje ba, domin da ɗan abin da ke jikin uwar aka rene su. Da suka kai biyar na fara sa musu ɗigon zuma da aka sirka da ruwa a kan 'yar takarda, da ƙafar fara, da garar da ke cin dangarmu. Zuma ta manya ce, nama na tsutsotsi. In aka hana su nama ba za su mutu ba, amma gidan ba zai ƙaru ba.

Daga nan yanayin garinmu ya fara koya mini abin da bidiyon Turawa bai faɗa ba. Su sanyi ne damuwarsu, har suna sa tururuwarsu barcin hunturu. Mu namu hunturun bushewa ce. Ruwan da ke kai wata biyu a kwalba da damina, da iskar Disamba ta kaɗa sai ya ƙafe cikin 'yan makonni. In ya kusa ƙarewa sai in haɗa sabuwar kwalba da tsohuwar baki da baki in naɗe da salatif, in rufe sabuwar da baƙin ƙyalle, in bar tsohuwar a haske. Su da kansu suke kwashe ƙwai su ƙaura, wani lokaci a dare ɗaya, wani lokaci sai an yi mako. Da bazara kuwa, Maris da Afrilu, ɗakin kwano yana zama tanda. Dabarar da ta fisshe ni ita ce randa. Na sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, na cika tsakaninsu da yashi mai laima, na jera kwalaben a ciki na rufe da jiƙaƙƙen buhu, irin yadda masu tumatir da alayyafo ke yi.

Asara biyu na yi da har yanzu suke mini ciwo. Ta farko kiyashi ne. Sun bi ƙanshin zuma suka kutsa ta gefen auduga, da safe na tarar da uwa ɗaya da 'ya'yanta goma sha biyu babu mai motsi, an kwashe ƙwan kaf. Yanzu ƙafafun teburina huɗu suna tsaye cikin gwangwanayen ruwa da ɗan sabulu, kuma ba na barin teburin ya taɓa bango. Ta biyu ta fi zafi. Ƙaramin ɗanmu ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro, mai ɗakina ta yayyafa fiya-fiya a ɗaki ta rufe ƙofa, ni ina shago. Gida uku suka tafi a yinin. Ban ga laifinta ba, lafiyar yaro take nema, ni ne ban gaya mata cewa warin kaɗai ya isa ya kashe su ba. Ita ce ma ta share mini ɗan siton da ke bayan kicin ta ce, "Maigida, ka mai da su can, babu mai shiga da magani." Can suke har yau, ko turaren sauro ba ya zuwa kusa.

Wadda ta tsira daga cikin na farkon, da 'ya'yanta suka haura hamsin kwalba ta yi musu kaɗan. Na sa mai gilashi ya yanko mini fale-fale, na manna tabo a kai na siffanta ɗakuna da lunguna, na zagaye da katako, na kwaɓa garin POP irin na silin na zuba. Da ya bushe na kife, na ƙwaƙule tabon, ɗakunan suka fito, gilashin ya zama rufi. A gefe na huda rami inda nake zuba ruwa da sirinji, don ɓangare ɗaya ya zauna da laima, ɗayan a bushe, su zaɓi inda suke so. Robar ƙarin ruwa ta asibiti ce hanyarsu zuwa wata robar abinci mai faɗi, wadda ita ce filin kiwonsu. Bakin robar na shafe shi da hodar jarirai da aka dama da sifirit. In ta bushe, duk wadda ta hau sai ta zamo. A kan gilashin na shimfiɗa jar leda, domin ba sa ganin jan haske sosai, su suna zaton duhu ne, ni kuma ina kallo.

A damina ta biyu na samu uwar tururuwar hatsi, wadda masana ke kira Messor, mai share fili a bakin raminta ta yi hanyoyi kamar burtali. Gero nake ba su da acca da riɗi. Manyan cikinsu masu ƙaton kai su ke fasa ƙwaya, sauran su taru su tattauna ta har ta zama kamar ƙullu, shi suke ci. Rumbunsu kullum a ɓangaren da ya bushe yake, in kuwa na yi ganganci laima ta kai can sai geron ya tsiro ko ya yi fumfuna. Kakata ta wajen uwa, mutuniyar ƙasar Daura, ta sha ba mu labarin farin da aka yi a shekarun 1973 da 1974, yadda mata ke fita da galma su tone gidan tururuwa su sheƙe abin da ta tara na ƙwayar ciyawa su kai gida a dama. Muna yara muna jin sa kamar tatsuniya. Ranar da na ga ɗaki guda a bayan gilashi cike maƙil da gero, an jera shi tsaf, an fitar da ƙaiƙayi waje, sai da na zauna na yi shiru.

Kiwo rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne sanin wace ce wace, kuma a nan na ci karo da abin da ya tsayar da ni wata guda. Masu wannan ilimi kama ma'aikata suke yi su jefa a sifirit su mutu, sannan su duba. Ni kuwa tun muna makarantar allo na san tururuwa tana da sura guda da sunanta a Alƙur'ani, inda ta gargaɗi 'yan'uwanta kada rundunar Annabi Sulaiman ta tattake su. Na je wurin malaminmu bayan karatun magariba na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma kada a yi mini dariya." Bai yi ba. Ya kawo mini hadisin Ibn Abbas da ke cikin Abu Dawud, inda aka hana kashe abu huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da wani tsuntsu da ake kira surad. Ya ƙara da na Bukhari da Muslim, na annabin da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa wahayi a kan ya halaka al'umma mai tasbihi. Ya ce malamai sun yi magana a kan mai cutarwa, amma tawa ba ta cuce ni ba. Sannan ya ce, "In akwai hanyar da ba kisa, bi ta."

Hanyar kuwa tana gabana ban lura ba. Tururuwa ba ta barin gawa a ɗaki. Kowane gida yana da juji, a kusurwa mafi nisa ta filin kiwo, inda suke kai matattu da ɓawon abinci. Na daji ma haka, in ka duba gefen rami za ka samu. Daga nan nake tsinta da ɗan burushi mai laushi. Gaskiya samfurina ba ya kai na masu sifirit kyau. Wata ƙafa ta karye, wata ƙaho ɗaya ya ɓace, wata ta ƙanƙance sai na kwana da ita a kan jiƙaƙƙiyar auduga kafin ta miƙu. Na yarda da wannan ragin. In ban da guda ɗaya, duk abin da ke cikin akwatina ajalinsa ne ya kawo shi.

Ana yanka farin kati ƙanana masu tsini kamar bakin mashi, a ɗiga gam kaɗan a tsinin, a manna tururuwar ta ƙasan ƙirji daga gefe, a soke katin da fil. Filan shagona na fara sawa, damina ɗaya suka yi tsatsa, sai da na nemo marasa tsatsa. A ƙarƙashin kowace akwai 'yar takarda da fensir: wuri, rana da wata da shekara, irin ƙasar, ko gindin wace bishiya, da lambobin taswira daga waya. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani ga kowa, ko ni kaina bayan shekara ba zan tuna ba. Akwatin yana ɗakin kwana da ƙwayar kafur a ciki saboda ƙwari masu cin busasshe, nesa da siton masu rai.

Madubin likita ya fi ƙarfin aljihuna. Amma akwai wani abokina mai gyaran waya a Sabon Gari da ke da irin mai ido biyu da suke duba injin waya da shi. Ranar da na fara kai masa ya ce, "Maigida, wayar ce ta lalace?" Na buɗe gwangwanin ashana. Ya duba ni, ya duba gwangwanin, ya matsa mini kujera. Da ya sa ido ya ga fuskar shazumamu ta cika madubin, gashi ɗaya-ɗaya, ido kamar rariya, ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Yanzu duk Lahadi da yamma in kasuwa ta yi sanyi kujerar tawa ce.

Ƙugu ake fara dubawa. Tsakanin ƙirji da ciki akwai ɗan tozo, ko ɗaya ko biyu. Mai biyu, a nan wajenmu, galibi 'yar babban gidan Myrmicinae ce, su tururuwar hatsi da yawancin kiyashi. In ɗaya ne sai a duba ƙarshen ciki. In akwai ɗan zagayayyen rami, ba abin harbi, Formicinae ce, masu fesa ruwa mai tsami, su shazumamu. In akwai abin harbi, cikin kuma ya ɗan shaƙe tsakanin gaɓar farko da ta biyu kamar an sa ɗamara, Ponerinae ce. Daga nan sai ƙirga gaɓoɓin ƙaho, da haƙoran muƙamuƙi, da duba ƙaya a baya. Messor tana da wani gemu na dogayen gashi a ƙarƙashin kai da take kwasar yashi da shi. In na kai ga dangi sai in buɗe AntWeb, rumbun hotunan da cibiyar kimiyya ta Kalifoniya ke kula da shi, in gwada fuska da gefe da baya. Nau'in tururuwa da aka yi wa suna a duniya ya haura 14,000, saboda haka inda hoto bai gamsar da ni ba, sunan dangi kaɗai nake rubutawa. Uwar tururuwar da na fara da ita, mai ruwan zuma da ɗige-ɗige a ciki, mai fita da dare, ta fito Camponotus maculatus.

Sunayenmu na Hausa sun ba ni mamaki ta fuska biyu. Wani wuri sun dace da na masana tsaf, wani wuri suna ɗaya ya rufe abu biyu. A unguwarmu gwano ake ce wa baƙin nan mai jeri, gwano kuma ake ce wa wani mai wari da ke yawo shi kaɗai. A madubi sun rabu: mai jerin Megaponera analis ne, ɗayan Paltothyreus tarsatus. Cinnakan da ke harbinmu a tabarma kuwa ya fito Brachyponera sennaarensis, wanda wani masani ɗan Ostiriya, Gustav Mayr, ya yi wa suna a 1862 da sunan Sennar ta Sudan. A wannan yankin ne garin Mai Wurno yake, a bakin Shuɗin Nilu, inda mutanenmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna. Har yanzu in na rubuta sunan sai na tuna da su.

Wadda na fi ji da ita ban neme ta ba. A damina ta uku, a gindin Kufena, na ɗaga wani ɗan dutse a inuwa inda ganye ya ruɓe, sai ga wata 'yar ja siririya tana tafiya a hankali, muƙamuƙanta a buɗe ɗaya gabas ɗaya yamma, sun miƙe sambal kamar an ɗana tarko. Tarkon ne kuwa. Akwai dogayen gashi a tsakani, da zarar sun taɓa abin farauta sai bakin ya rufe da saurin da ido ba ya gani. Dangi biyu ne ke da wannan siffa a cikin Ponerinae, Odontomachus da Anochetus, ana raba su ta ƙeya da tozon ƙugu: na farkon tozonsa ya ƙare da tsini ɗaya kamar ƙaya, ƙeyarsa da layi mai shiga ciki kamar bakin almakashi, na biyun ƙeyarsa a lanƙwashe take sumul. Tawa Anochetus ce. Ba wai babu su ba ne, ɓoyayyu ne, gidansu ƙarami, ba sa jeri, ba sa zuwa wurin zuma. Cikin damina huɗu sau uku kacal na gamu da su.

Ban tone gidan ba. Na mai da dutsen yadda yake, na riƙa komawa duk washegarin ruwa, har na samu uwa tana yawo a kusa. Na sa ta a kwalba na rufe kamar yadda na saba, na bar ta ba abinci. Kwana goma sha tara ta mutu. Laifina ne, ban bincika ba: yawancin uwayen Ponerinae ba su da ajiyar jiki irin ta shazumamu, dole su riƙa fita farauta ko suna kan ƙwai. Ita ce samfuri mai lamba 61 a akwatina, kuma ita kaɗai ce a ciki da ba zan iya cewa ajalinta ne kawai ya kawo ta ba. Da Allah ya sake haɗa ni da wata bayan mako uku, sai na bar bakin kwalbar a buɗe cikin 'yar roba mai ƙasa a shimfiɗe, ina sa mata ƙananan gara biyu duk bayan kwana biyu.

Akwai waɗanda na haƙura da su gaba ɗaya. Gwano mai jeri uwarsa ba ta da fiffike, gida rabuwa yake yi kamar ƙudan zuma, don haka ba yadda za ka same ta sai ka rushe gida. Na gwammace in bi su da yamma in sun fita yaƙin gara, ɗaruruwa a layi, in jira dawowarsu. Wani masani Bajamushe, Erik Frank, ya nuna a dajin Comoé na Kwaddibuwa, a binciken da ya fito a 2017, cewa suna ɗauko waɗanda suka ji rauni su kai gida, daga baya kuma aka ga har jinyar raunin suke yi. Na ga ɗaukar da idona a bayan gonar wani maƙwabcinmu, wata riƙe da 'yar'uwarta da gara ta maƙale mata a ƙafa. Kwarkwasa ma haka, ba ta zama wuri ɗaya balle a tsare ta. Ƙaton ƙwaron nan mai dogon ciki da ke faɗowa kan fitila yana ta bugun ƙasa, namijinta ne.

Ba na saye, ba na sayarwa, ba na kuma karɓar tururuwar wata ƙasa. A watan Afrilun 2025 an kama wasu matasa biyu 'yan Beljiyam a Kenya da tururuwa wajen 5,000 a cikin kwalabe da auduga, ciki har da Messor cephalotes da masu kiwo a Turai da Asiya ke rububi, kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara. Da na ga hoton kwalaben gabana ya faɗi, domin irin nawa ne sak. Kowace uwa a ciki gida guda ce da ba za a kafa ba. Ni iyakata biyu daga kowane nau'i a damina, in kuma gida ya fi ƙarfin sitona, inda na ɗauko uwar nan nake mai da su, takardar tana gaya mini wurin.

Yau gida bakwai ne a siton. Shazumamun farko sun haura ɗari huɗu, sun fara fitar da manya masu faɗin kai. Anochetus tana da 'ya'ya goma sha ɗaya, da kwanso uku da nake sa ran su fashe kafin Juma'a. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas bai zubo ba, iska ta kwashe shi. Na wanke kwalabe goma sha biyu na kife su a kan tire, babbar 'yata ta yayyaga mini auduga, Inna kuma ta aiko a tambaye ni ko na yi cajin fitila.